Raƙumin Da Ba Shi Da Kai

Ina buɗe littafin, sai ƙasa ta zubo mini a cinya. Gara ta cinye rabinsa.

Yau na fara kai 'yan aji ɗaya laburaren makarantarmu a Gyadi-Gyadi. Littattafan hotunan nan, tun shekarar da soja suka miƙa mulki suke kulle a kabad, wai kada yara su lalata kafin manyan baƙi su gani.

Ummi, ƙaramarsu, ta ɗora yatsa kan hoton raƙumi.

"Malama, ina kansa?"

"Gara ta cinye."

"Ita an ba ta makulli ne?"

Na rufe littafin.

A makarantarku, wa ya fara taɓa littattafan, ku ko gara?