Ranar Sakin Gonaki a Kajiji

Cikin duk shekarun da na yi ina malamin gona, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka saki gonaki a Kajiji. Zamanin jamhuriya ta biyu ne, gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ko kwalba ɗaya ta maganin feshi babu a sitonmu na Bodinga.

An damƙa mini gonar gwajin waken suya a Kajiji, iri daban-daban. Da damina ta yi nisa cutar ganye ta faɗa musu, suka yi rawaya suka zube, ban da iri guda. Shi wannan, da cuta ta taɓa ganyensa sai ya tara wani sinadari a daidai wurin, ya kashe ta tun ba ta yaɗu ba. Shugabana ya ce, "Ba mu da wani irinsa. In ka rasa shi, kada ka dawo mini da labari."

Al'adar ƙasar kuwa, da an gama girbin gero hakimi kan sa a yi shela, makiyaya su shigo da shanu su ci kara. Wakena bai ko bushe ba. Ranar da aka yi shelar, ina isa gonar a kan babur da hantsi na tarar garke ya riga ya lashe kunyoyin gefe. Na tsaya gaban shanu ina ihu kamar mahaukaci, makiyaya suka taso mini da sanduna.

Ardonsu, wani dattijo siriri, ya ce, "Malam, mi kaka nuhi? Hakimi yas saki gona, kai ka tare muna?"

Na fara zancen gwamnati, fuskarsa ta ƙara ɗaurewa. Sai na tuna bushiya, annobar da ke kashe shanu a lokacin.

"Baba Ardo, bushiya ta taɓa ku bana?"

Ya ce, "Ta share muna garke."

"Waɗanda sunka tashi hwa, kana saida su?"

"Wa ka saida saniyar da ciwo yak kasa? Ita aka bar ma iri."

"To wagga gona duk ta mutu, waɗanga kaɗai sunka tashi."

Ya daɗe yana duban ganyen. Sannan ya ɗaga sanda ya kira shanun da Fulatanci, suka juya. Rabin irin muka tsira da shi.

Ku da kuka zo bayanmu, kafin ku shuka komai ku tambayi ranar sakin gona, ku kuma san abin da ke yi wa mutum ciwo. Sunan gwamnati bai juyar da saniya ko ɗaya ba.