Tayil Ɗin da Kawu Ya Sa Na Ɓamɓare

Akwai wasu kwanaki huɗu da na yi a Djougou tare da kawuna waɗanda har in koma ga Allah ba za su fita daga raina ba. Shi ne ƙanen mahaifiyata, kuma shi ya koya mini aikin shimfiɗa tayil, wanda mu a nan muke kira karo. A gidansa na Titirou, cikin Parakou, na girma. Daga baya na tafi Cotonou na yi shekaru ina aiki a manyan gidaje, na dawo ina jin babu abin da ya rage in koya a wurinsa.

A shekarar da abin ya faru aka kawo mahaifiyata, Inna, Parakou aka yi mata aikin ido. Likita ya ce ta zauna gidan ƙanwata a unguwar Albarika har mako biyu kafin ta koma gida. Sai na ga dama ta samu. Daɓen ɗakinta na Djougou duk ya farfashe, na daɗe ina so in gyara mata tana hana ni. Da kwanakin suka kusa cika na sayi manyan tayil dogaye, masu kama da katako, na ɗora a mota. Kawu ya ce zai biyo ni washegari, yana da jana'izar da zai halarta.

Ban jira shi ba. Da gari ya waye na kwaɓa siminti na fara, ina jera su irin ginin bulo, kowane layi yana farawa daga tsakiyar tayil ɗin da ke gefensa. Kafin azahar na ci rabin ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo ina jin daɗi, ina ta ƙiyasta abin da Kawu zai ce.

Can sai ga shi ya iso. Ya amsa gaisuwata, ya cire takalmi, ya hau kan layin farko a hankali yana jan ƙafa kamar tsoho. Tafiya kaɗan ya tsaya, ya sake jan babban yatsansa a wuri ɗaya. Sannan ya sauko ya ɗauki sababbin tayil biyu, ya haɗa su fuska da fuska, ya ce in danna gefe ɗaya. Ina dannawa ɗaya gefen ya ɗaga. Ya bayyana mini cewa babban tayil daga wuta yake fitowa da ɗan doro a tsakiya, ido ba ya gani. In ka aza bakin wani a daidai tsakiyar wani, ka haɗa wuri mafi ƙasa da wuri mafi tudu ke nan, dole baki ya fito. Maganinsa shi ne a gusa da kashi ɗaya cikin uku kawai, ba rabi ba.

Na ce masa a Cotonou haka muke yi, babu wanda ya taɓa kuka. Tudun ma bai kai kaurin farce biyu ba.

Ya dube ni ya ce, “Mutanen Cotonou suna ɗaga ƙafa. Yaya ba ta ɗagawa. Ka taɓa lura da tafiyarta in za ta alwala?”

Ban taɓa lura ba. Uwata ce, amma shi ya san yadda take tafiya.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Saura kwana huɗu Inna ta dawo, siminti ya fara kamawa, kuma babu irin wannan tayil a kasuwar Djougou. Muka shiga ɓamɓara, guda biyar suka fashe a hannunmu. Kowane ya fashe sai in dube shi, shi kuwa sai ya ɗauka ya jingina a bango. Da muka sake farawa na gane dalili: sabon tsarin yana bukatar guntaye a farkon layi, fasassun nan su muka yanka muka fara da su. Ko ɗaya bai tafi a banza ba.

Abin da ke damuna har yau shi ne yadda na yi waɗannan kwanaki. Ina fushi, ba na magana sai ta aiki. Shi kuwa bakinsa ya buɗe yadda ban taɓa gani ba. Yana durƙushe yana shafa siminti yana ba ni labarin ɗakin. A nan aka haife su shi da Inna. A kusurwar da muke aiki kakanmu yake jera huhun goro, Inna ce ke yayyafa musu ruwa, ita ce kuma ke goya Kawu zuwa rijiya bayan mahaifiyarsu ta rasu. Ya ambaci sunayen garuruwan da ayarin kakanninmu yake yada zango, ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma kaina na sunkuye, ina cewa “to” kawai. Yau in na yi ƙoƙarin tuno sunayen nan, uku kaɗai ke zuwa.

Na ga yana yawan zama yana hutawa, na ga sakwarar da maƙwabciyarmu take aiko mana loma biyu yake yi ya ture. Na ɗauka tsufa ne.

Ranar da Inna ta dawo, ƙanwata ta riƙo hannunta har bakin ɗaki. Ta saki, ta shiga ita kaɗai tana jan ƙafa, tun daga ƙofa har bakin gado, babu inda ta tsaya. Ta zauna ta shafa ƙasa da tafin ƙafarta, ta tambayi wanda ya yi aikin. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, “Ɗanki ne, Yaya. Ni miƙo masa kawai nake yi.” Ta yi ta sa mini albarka, ni kuma na kasa ɗaga kai.

Da yamma na raka shi tasha. Na so in ba shi haƙuri, sai na ce a raina in na koma Parakou zan je gida in zauna da shi sosai. Wani aiki ya ɗauke ni zuwa Natitingou, daga can wani ya biyo baya. Ashe ya daɗe da sanin ciwon da ke cikinsa, bai faɗa wa kowa ba. Kafin damina ta ƙare aka kira ni a waya aka ce ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Yanzu duk ranar da na haɗu da aikin da ya ɗaure mini kai, sai in ji hannuna ya nufi aljihu zan kira shi, sannan in tuna. Abin da na koya shi ne, in babba ya tsaya yana gyara maka aiki, ka ajiye fushi ka buɗe kunne, ka kuma gode masa tun yana gabanka. Ni na bar tawa godiyar sai na koma Parakou, ban same shi ba.