Ma'aunin Ruwan Gangara

Sallar asuba kawai muka yi muka bar Maraɗi, ni da abokin aikina na buron meteyo, wato ofishin hasashen yanayi. Daminar farko ke nan da samun 'yancin kai. Nasaran da ya kakkafa ma'aunan ruwan sama a ƙauyuka ya koma gida, ya bar mana zagayen. Ma'aunin ba wani abu ba ne, gwangwani ne da mazurari bisa ƙarfe. Amma da abin da ya tara buro ke sanin inda damina ta sauka, can ake fara aika irin gyaɗa. Gangara har yau labarinta ɗaya, babu ko ɗigo, saboda haka ba a aika musu ba.

Hanyar Agye rairayi ne, motar ta fi son turi da tafiya. A Gazawa muka sha fura mai tsami, mai furar tana ta mitar tsadar nono. Daga nan muka fara ganin abin mamaki: ko'ina shar, gero ya kai idon sawu.

A Gangara muka tarar da ƙarfen tsaye, ba gwangwani. Dattijon da aka bai wa tsaronsa ya shiga ɗaki ya fito da shi naɗe a tsumma, yana ƙyalli.

"Baba, me ya kai shi ɗaka?" in ji abokina.

"Mushe, ranka shi daɗe, amana ce. Nasara ya ce in kula da shi. Da hadari ya taso nike shigo da shi, kar shi yi tsatsa."

Dariya ta zo mini, sai na ga mutanen gari sun kewaye mu, na haɗiye ta. Abokina ya ja dattijon gefe ya yi masa bayani a hankali. Dattijon ya dube shi ya ce:

"To irin fa?"

"An rabar, Baba. Ya tafi wajen Cadakori."

Da hannunsa dattijon ya mayar da gwangwanin bisa ƙarfe. Sannan ya juya wurin jama'a ya faɗa musu kuskurensa da bakinsa, ko da yake ba wanda ya sa shi. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Da la'asar muka iso gida. Abin da na koyo shi ne, kafa na'ura ba wuya, faɗa wa mutum amfaninta ne aka manta. Bana Gangara ta samu ruwa, ba ta samu gyaɗa ba.