Jan Takalmin da Kaka Ta Turara

Shekaranjiya maiɗakina ta manta murfin bokiti kusa da murhu, gefensa ya narke. Ita tana ta faɗa da yara a kan wanda ya ajiye shi, ni kuwa warin robar nan ya riga ya mayar da ni ƙauyenmu na bakin kogin Haɗejiya, ina zaune a kan kifaffen turmi, ƙafata ta hagu a hannun Kaka.

Bari in fara gaya maka labarin ƙafar. Shan inna ya taɓa ni tun ban yi wayo ba. Ba ta mutu duka ba, amma idon sawun ba shi da ƙarfi, ina takawa sai ya turguɗe in kife. A cikin gida ina bin bango ina lallaɓawa. Makaranta kuwa tana ƙetaren fadama, sai an bi ta kan jingar da ke tare ruwa, kuma duk sa'o'ina an riga an sa su. Baba ya ce ba wanda zai bar gonar shinkafa ya riƙa goya ni safe da rana. In ƙafa ta kai ni, to, in ba ta kai ni ba, in zauna a gida. Na daɗe ina jin haushin maganar nan, ko da yake yanzu na san ba ƙarya ya yi ba.

Wani malamin asibiti ya taɓa gaya wa Iya, mahaifiyata, cewa akwai takalmin da ake yi wa irina a birni, mai tauri, yana hawa har ƙwauri, da maɗaurai a jikinsa. A gidanmu ba wanda ya taɓa ganinsa. Siffar kawai muka riƙe.

Kawuna, ƙanen Iya, gwanjo yake sayarwa, yana cin kasuwannin Kafin Hausa da Kaugama. Wata rana da kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa, sai ga shi a kan keke yana haki, da buhu a baya. Ya ce ya kwance sabuwar dila ne ya tsince su a tsakiyar riguna.

"Yaya, ga takalmin asibitin nan Allah ya kawo mana har gida."

Ja ne wur, mai tauri kamar jarka, da maɗaurai na ƙarfe irin na akwatin amare. Ƙasansa shafal, ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan, wuyansa kuma ya ɗan sunkuya gaba kamar mai shirin ruku'u. Abin da ya fi ɗaure mana kai, in ka zura hannu ka ja, sai wani takalmin mai laushi ya fito daga cikinsa. Kafin magariba rabin unguwa ta zo kallo. Baba ya ce na sojoji ne. Maƙwabcinmu masunci ya ce na shiga ruwa ne, amma da ya ɗaga ya ji nauyinsa sai ya janye maganarsa. Liman ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce Allah ne masani. Kawu dai ya kafe a kan nasa, ya ce wane mai lafiya ne zai sa wannan ya yi tafiya? Shi ke nan ya zama takalmin asibiti.

Tsawonsa ya yi mini daidai, amma akwai wani ƙashi da ya turo a gefen ƙafata saboda yadda nake takawa. Da aka danna maɗaurin farko sai na kurma ihu. Aka cire shi.

Kaka, mahaifiyar Baba, sana'arta turara shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a cikin rabin duro. Ita ce kuma mai liƙe mana silifa da wuƙar da ta sha wuta. Ta karɓi takalmin ta shinshina, ta dube ni.

"Maigidana, daina kuka kana ba ni kunya a gaban mutane. Roba ce ai. Ban taɓa ganin robar da ta fi ƙarfin zafi ba."

Ta fara gwaji da na dama, tunda ƙafar dama ba ta buƙatarsa. Ta jefa shi cikin tafasasshen ruwa kamar rogo. Ya nutse ya taɓa gindin duron, da aka tsamo shi bakinsa ya karkace, dunduniyar ta narke, gidan duk ya ɗauki warin da na fara ba ka labari. Baba ya yi tsaki ya fita. Saura ɗaya ke nan, kuma shi ne nawa. Ban ci tuwo ba ranar.

Washegari Kaka ta canza dabara. Ta zuba shanshera kamar kullum, ta ɗora takalmin a kai, ta rufe da buhu don tururi kaɗai ya ratsa shi. Ta dunƙule auduga ta ɗaure mini a kan ƙashin nan da tsumma, wai don robar ta buɗa a daidai wurin, ta sa mini safar Baba. Har yau ban san inda ta samo wannan tunani ba. Muka zauna muna kallon buhu yana hayaƙi. Iya ta kasa zama, tana kai da kawo.

"Kaka, a fito da shi haka nan. Kar ya bi ɗan'uwansa."

"Bai yi ba tukuna."

"In ya yi zafi da yawa ƙafar yaron zai dafa."

Iya ba ta taɓa musu da surukarta ba, amma ranar sai ta naɗe hannu da zani ta fizgo shi da kanta. Suka zura mini, Kawu ya danna maɗauran, aka tsayar da ni, aka ce kar in motsa. Zafi ya lulluɓe ƙafar, ina jin robar tana matsawa a hankali. Ina kuka, ban san ko na zafi ba ne ko na tsoro. Da aka jima Kaka ta kwara masa ruwan randa, aka cire shi, ta kwance audugar, aka mayar. Na taka, idon sawun bai turguɗe ba.

Haka na shiga makaranta, jan takalmi a hagu, silifa a dama. Kar ka ɗauka tafiya ce mai kyau. Takalmin yana tura gwiwata gaba, ina jan sa kamar turmi, da damina laka ta riƙe shi sai abokai sun ciro ni. Yara suka sa mini suna Ƙafar Jirgi. Fatar ƙafar ta yi kanta, gwiwar kuma ta riƙa ciwo. Amma ina zuwa, kuma da ƙafata nake komowa. Da ya yi mini kaɗan Kaka ta sake turara shi, ta kuma sakewa, har ya tsage. A lokacin na riga na iya sanda, kuma ba mai iya fitar da ni daga aji. Ƙafar dai ba ta miƙe ba, haka nake har gobe.

Kaka ta rasu, ambaliya ta cinye tsohon gidan da abin da ya rage na takalmin, muka dawo cikin gari. Bara ɗana ya miƙo mini waya yana dariya, wai in ga Turawa suna sulu a kan dusar ƙanƙara, irin wanda muke yi a gaɓar kogi in an yi ruwa. Ni ƙafafunsu na kalla. Takalmina ne, har maɗauran. Ashe na wasa ne, na masu lafiya garau. Yaron ya ƙara lalubo wani, sai ga mutum a shago yana ɗumama takalmin a cikin wani akwati, yana manna soso a ƙashin ƙafar mai saye, ya sa masa, ya ce ya tsaya kar ya motsa. Na rasa dariya zan yi ko me. Mun yi kuskuren abin gaba ɗaya, kuma mun yi shi daidai yadda ake yi.

Na kai wa Iya wayar, don a zatona za ta sha dariya. Ta tsufa, sai da ta kawo ta dab da ido. Ta daɗe tana kallon mutanen suna gangarowa daga kan dutse.

"Allah sarki, duk waɗannan ƙafarsu ba lafiya?"

Na buɗe baki zan yi bayani, ta riga ni.

"Ka ga su nasu ya yi musu aiki, har gudu suke yi. Da na bar shi ya ji zafi yadda Kaka ta ce, da kai ma haka."

Ban taɓa sanin tana ɗauke da wannan ba duk shekarun nan. Na ce mata ba haka ba ne, Iya, takalmin wasa ne, ko kwana ya yi a duro ba zai miƙar da ƙafa ba. Ta miƙo mini wayar, ta gyara lulluɓinta, ta ce dama ni tun ina yaro na iya lallashi.