Idon da Yaya Tanko Ya Zo Nema a Alƙahira

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Tanko, Allah Ya jiƙansa da rahama. Har yau in na tuna shi, addu'a ce ke fara zuwa bakina, sai tsaki ya biyo bayanta. Na yi istigfari a kan tsakin nan ba iyaka, bai daina zuwa ba.

Tanko maharbi ne, irin na baka da kwari. Tun yana saurayi yake bin gada da barewa a dajin bayan ƙauyenmu, can ƙasar Bauchi. Ni kuwa autan gidan, allo aka ba ni. Karatu ya kawo ni Alƙahira, zama ya kama ni a unguwar Arba wa Nus ina koya wa 'ya'yan mutanenmu Alƙur'ani. Na yi furfura, ɗalibai na ce mini Shehu, amma a bakin Tanko ban taɓa wuce Auta ba.

Da ya haura saba'in, yanar ido ta kama shi, dama da hagu. 'Ya'yansa suka haɗa kai suka turo mini shi a yi masa aiki. Kafin ya sauka, babbar 'yarsa Hajara ta kira ni ta ɗora mini nauyi. "Baffa," in ji ta, "ba aikin ido kaɗai muka turo maka ba. Ka karɓo mana alkawarin zai rataye bakan nan. Tsoronmu kada ajali ya same shi shi kaɗai a daji, babu mai laƙƙana masa kalmar shahada, babu mai juya shi gabas." Na ce ta kwantar da hankalinta. A ganina, wanda ya tsufa a gaban malamai ba zai kasa shawo kan tsoho ɗaya ba.

Tun a ɗakin likita na gane abin da ya kawo shi. Likitan wani Bamisire ne mai fara'a, asibitinsa na saman wani tsohon bene a Wustul Balad, tsakiyar birni. Ya duba, ya ce da idon hagu za a fara don shi ya fi lalacewa, na dama sai daga baya. Na fassara. Tanko ya ce, "Gaya masa na dama." Na ce, "Yaya, shi fa likita ne." Ya ce, "Ni kuma mai idon ne. Da na dama nake auna gada." Kunya ta ishe ni, amma amana ce, na mayar da maganar Larabci yadda take. Likita ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ma'alish ya Hajj," ya ce, wato Alhaji ya yi haƙuri, "farauta kam khalas," ta ƙare ke nan. Kalmar khalas ɗin nan ba ta buƙaci tafinta ba. Tanko ya miƙe yana laluben sandarsa. Sai da likita ya ce to, tun da duk biyun za a yi, a fara da wanda yake so, sannan ya koma ya zauna.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Aka sallame mu da sharuɗɗa: kada ya ɗaga kaya, kada ƙura ta shiga idon, kada ya sunkuyar da kai. Ko sujada an ce ya dakata na ɗan lokaci, ya riƙa yi da ishara. Ya karɓi wannan ba musu, yana sallarsa a kan kujera, ni kuma ina murna tsoho ya fara jin magana.

Wata rana da hantsi ina tsakiyar darasi, maƙwabciyarmu Hajiya Batula, Bahaushiyar Sudan, ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwandon wanki a hannu. "Ya Shehu, ɗan'uwan nan naka lafiya? Hau sama ka gani. Ni dai na fasa shanya." Na hau rufin bene da gudun da gwiwata ta yarda. Ga Tanko a duƙe tsakanin tankunan ruwa, yana rarrafe a kan siminti, ya ɗaure ludayin miyar iyalina a goshi da rawanina, yana gyaɗa kai sama da ƙasa. Don waɗanda suka tashi a birni: maharbi yakan ɗaura kan tsuntsun nan burtu a goshi, ya shiga ciyawa da rarrafe yana gyaɗa kai kamar tsuntsu mai kiwo, har ya kusanci nama bai tsorata ba. Tanko bai zo da burtunsa Masar ba, sai ludayi ya tsaya masa. Gwiwoyinsa yake gwadawa, kada zaman bene ya kashe su.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, an hana ka sujada ga Ubangijinka ka yarda, amma ka duƙa wa gada?" Ya ɗago da ludayi a goshi, idon dama a rufe da bandeji, ya ce, "Auta, Allah Ya san uzurina. Gada ba ta sani ba."

Sauran zamansa duk a kan maganar nan muka yi shi. Na zo masa ta hanyar ilimi, na ce rai amana ne, bai halatta mutum ya jefa kansa cikin halaka ba. Ya ce motocin da nake ratsawa kullum a bakin titi sun fi dajinsa halaka. Na zo masa ta hanyar tausayi, na ce hannun tsoho ba ya kashe nama, sai dai ya raunata shi ya gudu da kibiya ya mutu mushe. Nan ne kawai na ga maganar ta taɓa shi, don bai taɓa barin naman da ya raunata ba tare da ya bi jininsa ba. Na ɗauka na kama shi. Washegari na same shi yana ɗaga tukunyar gas da hannun dama don ya ƙara ƙarfin dantse. Da na gaji na ce ya dai faɗi kalma ɗaya in kai wa Hajara. Ya ce, "Ba na alkawarin da na san zan saɓa. So kake in haɗa taurin kai da ƙarya?" Haka na raka shi filin jirgi bayan an yi masa aikin na hagun ma, idanu biyu garau, alkawari babu.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga farautar yau. Jikansa yakan turo mini hotuna a waya: samari a kan babura, bindiga a kafaɗa, fitila a goshi inda kakansu ke ɗaura burtu. Su haska dabba ta daskare, su harbe ta ba tare da sun san inda iska ke kaɗawa ba. Na san abin da zai kira wannan, kuma ba farauta ba ce. Wani sashen dajin ma yanzu ba ya shiguwa saboda miyagun mutane. Da yana raye, wannan ma ba zai hana shi ba, ni kuma da har yau ina nan ina ɓata katin waya a kansa.

Domin kuwa na ɓata. Rani biyu ya ƙara yi yana fita, ina kira ina faɗa. A kira na kusa da ƙarshe na tambaye shi ko ya samu nama. Ya ce, "Na kai kusa da wata gada har ina jin taunarta. Na ja tsirkiya, hannu ya yi rawa, na sauke." Na ce, "Sau nawa ke nan?" Ya ce tun komawarsa gida daga wurina bai saki kibiya ko ɗaya ba. Maganata ta mushe ta shige shi ashe, amma ta inda ban nufa ba. Na ce, "To, don Allah, me kake zuwa yi? Ba ka harbi, ba ka kawo nama, ka hana 'ya'yanka barci!" Ya ce, "Kai da ka tafi Masar karatu, ka gama tun gemunka na baƙi, me ya zaunar da kai?" Sai ya miƙa wa jikarsa wayar wai ta gaishe ni.

Abin da Hajara ke tsoro shi ya faru. Ya fita bayan asuba, la'asar ta yi bai dawo ba. Wani makiyayi ne ya same shi a gindin tsamiya, rai ya yi halinsa. Waɗanda suka je ɗauko shi sun ce sun tarar da shi kwance ta gefen dama, fuskarsa gabas. Ya cire takalmansa ya ajiye gefe, ya kwance tsirkiyar baka, ga shatin tafukansa biyu a ƙasa inda ya yi taimama. Ya ji abin yana zuwa ke nan, ya yi wa kansa abin da muke tsoron ba mai yi masa. Ko ya samu faɗin kalmar shahada, babu kunnen da ya ji. Muna kyautata zato ga Allah.

Masu ta'aziyya, har a nan Arba wa Nus, suka yi ta cewa mutuwa ta same shi a inda yake so, kamar wani abin sha'awa. Maganar nan tana ba ni haushi har gobe. Ba su ji kukan Hajara ba, wadda har yanzu take cewa ba ta samu rufe wa mahaifinta ido ba. Yana da haƙƙin dajinsa, ita ma tana da haƙƙin mahaifinta, shi kuma ya zaɓa bai waiwaya ba.

In na auna abin da ya rage nasa, ba sana'ar ba ce. A zuriyarmu babu sauran mai iya jan baka. Abin da ya rage shi ne, da ya ga dama, tsohon nan zai iya sayen zaman lafiya da kalma ɗaya ta ƙarya, a ɗakina ko a waya, ya koma daji abinsa ba wanda ya sani. Bai yi ba. Ya bar mu da ɓacin rai, bai bar mu da yaudara ba, bai kuma bar dabba ko ɗaya da kibiyarsa a jiki ba. Ni da nake karantar da gaskiya da tausayi a bakin allo, ban tabbata na riƙe su kamar yadda ya riƙe ba, wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi.

Allah Ya gafarta maka, Yaya. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya ba Hajara haƙuri. Ina kuma roƙon Ya haɗa mu a Aljanna, don akwai faɗan da ban gama yi maka ba.