Zauren da Yayana Ya Ƙi Ƙarasawa

Ni da yayana muka zo Tamanrasset, a ƙasar Larabawa, daga Damagaram, muka samu aikin gini a wata lekkol, wato makaranta, ta manyan ɗalibai. Patron, ubangidanmu a wurin aikin, ya ce wurin zaman ɗalibai ne da cin abincinsu. Na ce to. Yaya kuwa an taɓa kwashe shi, ya kwana a irin gidan da ake tara mutanenmu kafin a loda su a mota zuwa iyaka.

Da ginin ya fara tashi, sai ya soma nuna mini abubuwa. Zaure ne ƙato, ba ɗaki ko ɗaya a ƙasa, ba lungun da mutum zai laɓe. A sama baranda ta kewaye shi, wanda ya tsaya can yana ganin kan kowa. Kujeru na siminti ne, a manne da ƙasa. Famfuna a jere sun fi na masallacin Juma'a yawa. Ga wata doguwar taga da za a riƙa miƙo abinci ta ciki. Yaya ya ce duk ya san waɗannan, ya ci tuwo ta irin tagar nan.

Wallahi ni ma raina bai kwanta ba. A garinmu wa ke cin abinci a bainar jama'a, ana leƙensa daga sama? Kuma rufin tsakiya gilashi za a sa, a garin da rana ke dafa ƙwai. Na tambayi mai zanen ginin da guntun Larabcina, wata Balarabiya mai hular kwano da ke zuwa daga arewa. Ta yi dariya, ta ce don haske ne, kuma don ɗalibai su riƙa ganin juna. Da na gaya wa Yaya, cewa ya yi ai dole ta yi dariya.

Daga nan komai ya zama alama. In baƙuwar mota ta tsaya, Yaya ya ajiye cokalin gini. In patron ya tambayi inda muke kwana a unguwar Sersouf, sai mu faɗi wani layi daban. Na ji haushin Yaya, na kuma ji tsoron ya fi ni gaskiya. Shi ya kawo ni ƙasar nan, ban taɓa kwana nesa da shi ba, kuma ga shi yana cewa mu bar aikin da ya fi kowane tsayawa mu nufi arewa.

Ranar da aka kawo ƙofofin ƙarfe ya ɗaure jakarsa.

“Ba zan gina wa kaina kurkuku ba. Ka taso.”

“Yaya, ka bari mu ga ƙarshensa.”

“Ƙarshensa daga ciki za ka gan shi.”

Na ƙi tafiya. Ya hau motar kaya shi kaɗai, kuma ko garin In Ekker ba su kai ba aka sauke su a shingen jami'an tsaro. Labarinsa na gaba daga Agadez ya zo, a wayar wani, an zubar da su a iyaka sun taka a ƙasa, ƙafafunsa duk sun kumbura. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa.

Ginin kuwa aka ƙare. Ɗalibai suka cika shi, maza da mata, da farantansu, wasu a baranda suna kiran na ƙasa. Haske na zubowa ta rufin kamar yadda matar ta faɗa. Na ɗauki bidiyo na tura masa, raina fal da murna, ina jira ya ce ya yi kuskure, ko ma ya ce zai dawo.

Sai da yamma ya kira. Ya ce ya gani, ginin ya yi kyau, hannuna ya faɗa. Ya ce shi kam ya gama da ƙasar nan. Sannan ya tambaya:

“Kai a wane tebur ka zauna?”

Daga bayan gilashin taga na ɗauki bidiyon, mai gadi bai bar ni na shiga ba.