Jan Layin Keken Babanmu

Ƙanena Tokuji bai iya zama ba. Tun yana yaro haka yake, ga shi yanzu ya haura sittin, ya yi ritaya daga gidan waya, amma ko shayi a tsaye yake sha. Matarsa ta gaji ta zuba masa ido. Ni ce dai har yau ba na raga masa, don ni na goya shi.

Abin da ya hana shi sakat keken babanmu ne. Baƙin keke mai nauyin tsiya, ƙirar wani ƙaramin kamfani mai suna Kinsuzume da ya daɗe da rufewa a nan garinmu Sakai. Da shi Baba ya yi shekara talatin yana zaga unguwa da awara. Da ya rasu, Tokuji ya jawo keken daga bayan shago, ya rantse sai ya mayar da shi yadda ya fito daga kamfani, ba ƙari ba ragi. Shekara goma sha ɗaya yana abu ɗaya. Ya samo tsohon littafin tallan kamfanin, yana lallaɓa shi kamar jariri. Kekunan wancan zamani har a kan noti akwai tambari, to shi saboda noti guda sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi Nagoya. Ƙararrawa, sirdin fata, feda, duk ya haɗo su.

Saura layi. A littafin, siririn layin da aka ja a jikin marfin taya ruwan zinariya ne. Na keken Baba kuwa ja ne.

Tokuji ya ce, "Wani mai gyaran bakin titi ne ya ɓata shi."

Na ce, "Kai, da ja ya zo. Ina shekara bakwai, ni na fara shafa shi da yatsa, Baba ya make min hannu."

"Haba Yaya! Ke da kike neman tabaranki yana kan hancinki? Ga littafi, duba."

"Littafin ne ya goya ka?"

Bai saurare ni ba. Ya kai maganar wurin abokansa masu tara tsofaffin kekuna, tsofaffi irinsa da ke kwashe wuni suna gardama kan kusa, duk suka ce zinariya. Ana saura mako guda taronsu na kaka, ya sa samfefa ya goge jan layin tas, gaba da baya, ya kai aka ja masa na zinariya. Ranar ban yi masa magana ba.

An yi taron a filin da ke bakin kogi. Keken Baba na ta ƙyalli, Tokuji na kai-kawo, ya goge nan, ya hure can. Sai ga wata tsohuwa da sanda, 'yarta na riƙe da ita. Ta wuce kekuna da yawa ko kallo ba su ishe ta ba, amma da ta ga tambarin Kinsuzume sai ta ja birki. Ta sunkuya da kyar tana leƙen ƙarƙashin wani ɗan tsuntsun ƙarfe, alamar kamfanin, da aka kafa a kan marfin tayar gaba. Nan samfefa ba ta kai ba, ɗigon ja ya rage, bai fi ƙwayar shinkafa ba.

Ta ɗago ta ce, "Wa ya goge min layina?"

Tokuji ya ce, "Layinki kuma, Iya?"

Sunanta Tsuya. Tana 'yar shekara goma sha bakwai take jan layi da burushi a Kinsuzume. Ta ce shekarar da ruwa ya shiga ɗakin ajiya ya lalata fentin zinariya, shugaban aiki ya ce su yi da ja kafin wani ya iso. Kwana huɗu suka yi haka, keke arba'in, kuma ba wanda ya damu ya sa su a littafi.

"Shekara sittin ina duba marfin tayar mutane ko zan ga guda," in ji ta. "Yau na gani, an goge."

Su gwanayen da suka ce zinariya, su ne suka fara rige-rigen ɗaukar hoton ɗigon. Tokuji kuwa ya sandare. Na daɗe ina jiran ranar da zan ce masa ai na faɗa maka, amma da ta zo, tausayinsa ne ya kama ni, na kasa.

Ya rusuna har ƙasa ya ce, "Iya, in na kawo fenti da burushi, za ki sake ja min?"

Ta ɗaga masa hannayenta, suna ta rawa. "Ɗana, ko tsinken cin abinci 'yata ke riƙe min."

Tun daga nan abin nasa ya ƙaru. Kullum yana hanya, yau Wakayama, gobe Nara, yana leƙa bayan tsofaffin shaguna ko zai dace da ɗaya daga sauran kekunan talatin da tara. Littafin ya jefa shi a durowa. Makon jiya ya faɗo min gida da kati cike da samfurin jan fenti, ya fi kala ashirin, don ɗigon ya dafe, ba a gane asalinsa. Ko takalmi bai gama cirewa ba ya miƙo min.

"Yaya, ke kika gan shi sabo. Wanne ne?"

Na sa tabarau na duba, na rufe ido na nemo ranar. Ga Baba, ga keken, har zafin marin ina ji a bayan hannuna. Jan ne kawai na kasa tunawa.